Satumba ya zo, hankalina bai kwanta ba: in ci gaba da koyar da 'ya'yana a gida?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani birni a arewacin Ingila, inda maigidana yake aikin jinya a asibiti, wani makon da rana, wani makon da dare. Shekara guda ke nan da muka cire yaranmu daga makaranta na koma ina koyar da su a gida. Dalilanmu biyu ne. Na tsakiyan, mai shekara 7, kullum da kuka yake tafiya saboda tsangwamar da wasu yara suke yi masa, sannan muna son su samu isasshen lokacin karatun Alƙur'ani da tarbiyya irin wadda muka tashi a cikinta. Bara na fara da zumuɗi, na sayi littattafai, na rubuta jadawali daga ƙarfe 8 na safe zuwa 3 na rana, amma kafin Janairu ya ƙare komai ya wargaje. Yanzu sabuwar shekarar karatu ta zo, yaran maƙwabta sun fito da sabon yunifom, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Babbar, mai shekara 13, ta ce tana son komawa makaranta, tana kewar ƙawayenta, kuma burinta ta zama likita. Na tsakiyan har yanzu karatu yana ba shi wahala. Autan, mai shekara 3, ba ya barin mu mu zauna. Surukata a Kano duk lokacin da muka yi waya sai ta ce mun kai yara ƙasar ilimi mun kulle su a ɗaki. In na mayar da su makaranta ina jin kamar na gaza, in kuma na ci gaba ina tsoron in cuce su. Don Allah a ba ni shawara.

Uwar yara uku, Ingila

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kika ɗauka, ya raya miki su a kan tafarki nagari. Faɗuwar gaban da kike ji a farkon Satumba ba baƙon abu ba ne ga iyayen da suke koyar da 'ya'yansu a gida, domin wannan shi ne lokacin da dukkan gari yake tafiya wata hanya ke kuma kina tsaye a ƙofar gidanki kina kallo. Sai dai ba zan lallashe ki da cewa damuwa ce kawai da za ta wuce ba, saboda a cikin wasiƙarki akwai abubuwan da suke buƙatar a yanke musu hukunci a cikin makonnin nan. Abin da na lura da shi shi ne kin yi tambaya ɗaya, in ci gaba ko in mayar da su, alhali yara uku gare ki, kowanne da shekarunsa da halinsa da abin da ke gabansa. Shawarar da kuka yanke bara an yanke ta ne saboda ciwon da na tsakiyan yake ciki, sannan ta haɗa da sauran. Bana ya kamata a warware ta, a duba kowane yaro shi kaɗai, a kuma amince cewa abin da aka zaɓa na wannan shekarar ne, ana iya sake shi baɗi.

Ta fuskar doka ba ki da abin fargaba. Sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye a Ingila alhakin tabbatar da cewa ɗansu yana samun cikakken ilimi mai inganci wanda ya dace da shekarunsa da iyawarsa, ko ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanyar daban. Ba a wajabta miki bin manhajar ƙasa ba, ba a wajabta miki jadawali ba, ba a kuma ce sai kina da takardar shaidar malanta ba. Ba ke kaɗai ba ce a wannan tafiya, domin alƙaluman ma'aikatar ilimi sun nuna cewa a kakar 2024 yara kimanin 111,700 ne ake koyarwa a gida a Ingila, daga kimanin 92,000 a shekarar da ta gabace ta. Amma wannan 'yancin yana zuwa da nauyinsa, don duk kuɗin littattafai da na malamin ƙarin darasi da na jarrabawa a wuyanku yake. Ƙaramar hukumarku kuma tana da damar ta tambayi irin ilimin da yaran suke samu, in ba ta gamsu ba tana iya ba da umarnin a sa su makaranta, saboda haka idan wasiƙarsu ta zo ki amsa ta a rubuce cikin natsuwa. A Disamba 2024 gwamnati ta gabatar wa majalisar dokoki ƙudurin da ya ƙunshi wajabta rajistar yaran da ba sa makaranta, don haka ki riƙa leƙa shafin ƙaramar hukumarku a intanet domin ki san abin da ake nema daga gare ki a kowane lokaci.

Maganar babbar 'yarki ita ce mafi gaggawa, kuma a kanta zan fi tsayawa. Yarinya mai shekara 13 a Satumba tana daidai da aji na 9 a tsarin Ingila. A wannan ajin ne yawancin makarantu suke sa ɗalibai su zaɓi darussan da za su rubuta a jarrabawar GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare, sannan a shafe aji na 10 da na 11 ana karanta su, a rubuta jarrabawar a Mayu da Yuni, sakamako ya fito a Agusta. Wasu makarantun ma tun a aji na 9 suke fara shiga manhajar. Ma'anar wannan ita ce, idan za ta koma makaranta, bana ne lokacin da komawar take da sauƙi. Yarinyar da ta shiga a tsakiyar aji na 10 za ta tarar an yi nisa, wasu darussan sun cika, littattafan adabin da ajin ya zaɓa wataƙila ba su ne ta karanta a gida ba, sai ta shafe watanni tana bin baya. Kuma ga wadda take son likitanci, jami'o'i da yawa suna duba sakamakon GCSE, sannan galibinsu suna neman kemistiri, da yawa har da bayoloji, a matakin A-level, karatun shekara biyu da ke biyo bayan GCSE kafin jami'a, wanda ba a ɗaukar ɗalibi a cikinsa sai ya nuna ƙarfi a kimiyya da lissafi tun daga ƙasa.

Ra'ayina a fili shi ne ki ɗauki maganarta da muhimmanci, ki fara neman mata gurbi tun yanzu. Ta faɗa miki abubuwa biyu, kewar ƙawaye da burin karatu, kuma duka biyun dalilai ne na mai hankali. Matsalar da ta sa kuka cire yara ba tata ba ce, ta ƙaninta ce, ta kuma yi haƙuri ta bi ku shekara guda. Yarinya a wannan shekarun idan aka tilasta mata zama a gida ba da son ranta ba, karatun da kike fata ba zai shiga ba, abin da ya fi haka muni kuma shi ne za ta iya haɗa karatun addini da tarbiyyar gida da wannan takurar a zuciyarta, ta riƙa ganin su ne suka raba ta da abin da take so. Wannan asara ce da ta fi wadda kike gudu. Akwai kuma wata tambaya da nake so ki yi wa kanki tsakaninki da Allah. A shekarar da ta wuce, awa nawa ta yi tana karatunta, awa nawa kuma ta yi tana riƙe autan, ko tana wanke-wanke, ko tana zaune da na tsakiyan saboda ke kin gaji? A gidajenmu babbar 'ya takan zama uwa ta biyu ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba, kuma idan tana gida dukkan yini abin yakan ninka. Taimakon gida tarbiyya ne mai kyau, amma idan ya cinye safiyarta, to haƙƙinta ne ake ci.

Na fahimci tsoron da ke ƙarƙashin maganarki, wato abin da za ta gani ta kuma ji a sakandare, da irin ƙawayen da za ta yi, da waya, da darussan da suka saɓa wa abin da kuka yi imani da shi. Tsoro ne na gaskiya, ba zan raina shi ba. Abin da zan ce shi ne, nan da shekara biyar za ta shiga jami'a ko wurin aiki a cikin wannan ƙasar, kuma gara ta fara haɗuwa da waɗannan abubuwa yanzu da take dawowa gida kowace yamma ta tarar da ke, ta faɗa miki abin da ya faru, ku tattauna. Ki ziyarci makarantun da ke kusa da ku da kanki, ki tambayi yadda suke magance tsangwama, ko akwai wurin salla, da dokarsu a kan waya da sutura. A birane da yawa akwai makarantun 'yan mata zalla, wasu kuma na Musulmi ne da gwamnati take ɗaukar nauyinsu. Neman gurbi a tsakiyar shekara ana yin sa ne ta sashen ɗaukar ɗalibai na ƙaramar hukuma, ko kai tsaye ta makarantar a wasu wuraren. Ki sani cewa ba a ajiye mata gurbinta na da ba, makarantar da kike so tana iya cika, amma kina da damar shiga jerin masu jira da kuma ɗaukaka ƙara idan aka hana ku. Kafin gurbin ya samu, ta ci gaba da lissafi da Turanci da kimiyya na aji na 9 a gida kowace rana.

Idan kuma bayan kun zauna da ita da mahaifinta, kun yi istihara, ita da kanta ta ga gara ta zauna a gida, to dole ku shiga da idonku a buɗe. Za ta rubuta jarrabawa ne a matsayin ɗaliba mai zaman kanta, ku za ku nemo cibiyar da za ta karɓe ta, ku za ku biya, kuma kuɗin darasi ɗaya yakan haura fam 100, wani lokaci ya haura sosai. Rajistar jarrabawar bazara takan rufe a watan Fabrairu, cibiyoyi da dama suna rufe tasu kafin nan, wanda ya makara kuma sai ya biya tara. Iyalai da yawa suna zaɓar IGCSE, wato GCSE ta ƙasa da ƙasa, ta hukumar jarrabawa ta Cambridge ko ta Pearson Edexcel, musamman a kimiyya, saboda ana iya gwada ɓangaren gwaje-gwaje a rubuce ba sai an shiga ɗakin gwaji ba. Wasu kwalejojin gaba da sakandare suna ɗaukar yaran karatun gida masu shekara 14 zuwa 16 a wasu darussa kyauta, sai ki bincika ko akwai irin wannan a garinku. Hanya ce da mutane suka bi suka ci nasara, amma tana neman kuɗi da malami a kemistiri da lissafi, da uwar da take da sararin bibiya, kuma wasiƙarki ta nuna mini cewa a yanzu sararin naki kaɗan ne.

Na tsakiyan kuwa, shi nake ganin ya fi dacewa ya ƙara shekara a gida, in har za ki canja yadda kuke aiki. Yaron da aka tsangwama har ya tsani makaranta yana buƙatar lokaci kafin ya sake yarda da kansa, kuma idan yanzu yana barci lafiya, yana wasa, ba ya kuka da safe, to shekarar bara ba ta tafi a banza ba, ko da littattafan da kika saya ba a ƙare su ba. Sai dai wahalar karatu a shekara 7 ba abin da za a zuba wa ido ana cewa zai gane da kansa ba ne. Ki fara da abin da ya fi sauƙi, a duba idonsa, wanda kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 a tsarin lafiya na NHS, sannan ki roƙi likitanku ya sa a gwada jinsa, domin yaron da ba ya jin bambancin sautuka da kyau ba zai iya haɗa su da haruffa ba.

Daga nan sai ki duba hanyar da kike koyar da shi. Yawancinmu da muka yi firamare a gida Najeriya da haddar kalmomi muka koyi karatun Turanci, malami ya faɗa mu maimaita. Makarantun Ingila kuwa da foniks suke koyarwa, wato a koya wa yaro sautin kowane harafi da na haruffan da suke haɗuwa su ba da sauti ɗaya, sannan a koya masa jera sautukan su zama kalma, har ma tun 2012 ake yi wa yara gwaji a kan haka a ƙarshen aji na 1. Turanci yana da sautuka kimanin 44 amma haruffansa 26 ne, shi ya sa rubutunsa ba ya tafiya kai tsaye kamar bokon Hausa, inda abin da ka gani shi za ka furta. Ki tuna yadda ake yi a makarantar allo, ba a ba yaro sura ya karanta sai ya ƙware a babbaƙu, sannan farfaru. Haka nan ne a nan. Ki nemi tsarin foniks guda ɗaya, ki bi shi daga farko ba tare da tsallake ba ko da kina ganin ya wuce wurin, minti 15 zuwa 20 kowace safiya, da ƙananan littattafan da aka rubuta da sautukan da ya riga ya koya kawai. Ki tsaya tun kafin ya gaji, kuma kada ki bari 'yar'uwarsa ko wani baƙo ya yi masa dariya idan ya yi tuntuɓe. Da dare ke ki karanta masa labari mai daɗi wanda ya fi ƙarfinsa, domin kada wahalar haruffa ta sa ya tsani littafi gaba ɗaya.

Idan kun yi haka da gaske har zuwa hutun Disamba ba ki ga motsi ba, yana manta sautin da ya koya jiya, yana kasa jin cewa kalmomi biyu sun ƙare da sauti ɗaya, to a nemi ƙwararre ya gwada shi ko yana da disleksiya, matsalar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro nauyi ko da yana da kaifin basira. Zaman sa a gida bai hana ku neman ƙaramar hukuma ta tantance buƙatunsa na musamman ba. Kada kuma wani ya ce miki Hausar da kuke yi a gida ce ta ruɗa shi. Tashi da harshe biyu ba ya haifar da wannan matsala, kuma Hausar da zai gaisa da kakarsa da ita dukiya ce da ba za ki so ya rasa ba.

Autan matsalarsa tana da magani a kusa. Duk yaro mai shekara 3 ko 4 a Ingila yana da damar awa 15 a mako na reno da wasa kyauta, makonni 38 a shekara, daga zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 3, ko iyayensa suna aiki ko ba sa yi. Ki nema masa na safe. Awa uku da ba ya gida su ne awannin karatun yayansa, shi kuma zai samu abokan wasa. Idan kuna tunanin sa shi firamare, kuma zai cika shekara 4 kafin ƙarshen Agusta mai zuwa, ranar 15 ga Janairu ake rufe neman gurbi.

Jadawalinki na bara ya rushe ne saboda kin ɗauko makaranta sukutum kin kawo ta falonki. Awa shida ko bakwai da yaro yake yi a makaranta sun haɗa da kiran suna da taron safe da hutu da cin abinci da sauya aji da lokacin da malama take kashewa wajen tsawatar wa yara talatin. Ke yaro ɗaya ne a gabanki, abin da ajin zai shafe awa guda a kansa kuna iya gama shi a minti ashirin. Ga mai shekara 7, awa biyu zuwa uku na zaman karatu a rana sun wadatar, a rarraba su: Alƙur'ani da sassafe lokacin da kansa yake wasai, foniks da ɗan rubutu, lissafi, sannan abu guda da yake juyawa, yau kimiyya, gobe tarihi ko taswira, jibi zane. Sauran yinin na laburare ne da filin wasa da ninkaya da shiga kicin tare da ke, inda awo da ƙirga suke zuwa da kansu. Kada ki ƙara sayen littafi a wannan watan. Oak National Academy, wadda aka kafa a 2020 lokacin kullen korona, tana da darussa kyauta a intanet bisa manhajar Ingila, haka ma BBC Bitesize da Khan Academy, kuma katin laburare ba a biyan ko kwabo. Idan kina son ma'auni a lissafi, yaran makaranta ana sa ran su san jadawalin sau har zuwa 12 sau 12 a ƙarshen aji na 4, wato yana da sauran lokaci a gabansa.

Kada ki tsara shekara gaba ɗaya. Ki tsara daga yanzu zuwa hutun tsakiyar zango na ƙarshen Oktoba, ki rubuta abu biyu ko uku da kike son yaron ya iya kafin nan, idan lokacin ya yi ku huta mako guda kamar kowa, ki duba abin da ya yiwu, sannan ki tsara na gaba. Ki ajiye littafi guda da za ki riƙa rubuta layi biyu ko uku kowace yamma a kan abin da aka yi, da ranar, ki kuma adana wasu daga cikin ayyukansa. Wannan littafin zai amsa wa ƙaramar hukuma idan ta tambaya, kuma a ranar da zuciyarki ta ce miki ba ku yi komai ba, za ki buɗe ki ga rubutun hannunsa na Satumba da na Disamba. Ki lura kuma cewa a Janairu abin ya watse, kuma ban ga alamar arashi ne kawai ba. A Disamba da Janairu duhu yana shiga tun wajen ƙarfe 4 na yamma a arewacin Ingila, sanyi da ruwa suna tsare mutum a ɗaki, mace kuma da ta tashi a cikin rana da hayaniyar 'yan'uwa da maƙwabta ta fi kowa jin wannan kaɗaicin. Ki sa a ranki tun yanzu cewa watannin nan za a rage aiki a ƙara fita, ko da zuwa laburare ne. Hukumar NHS tana shawartar mutane su sha sinadarin bitamin D a lokacin kaka da hunturu, masu duhun fata kuma su yi tunanin sha duk shekara, kuma idan gajiyar ta zarce misali ko baƙin ciki ya zauna miki, ki ga likita, kada ki ce haƙuri kawai za ki yi.

A duk wasiƙarki, maigida sau ɗaya ya fito, shi ma a maganar aikinsa. Na san aikin dare yana cin mutum, kuma na san don ku yake yi. Amma tare kuka yanke wannan shawara, ba daidai ba ne nauyinta ya koma kanki ke kaɗai. Ki nemi lokacin da ya huta, ki zauna da shi cikin ladabi da takardar aikinsa ta wata a hannu, ku ware abin da zai ɗauka wanda nasa ne ba taimako ba. Ma'aikacin jinya ne, ya fi ki kusa da kimiyya, yana iya riƙe wannan darasin sau ɗaya a mako, ko ya fita da yaran rabin yini a ranar hutunsa ke ki samu kanki. Ku kuma yi maganar kuɗi a fili, nawa za ku iya warewa kowane wata don malami ko ninkaya ko jarrabawa. Ki nemi ƙungiyar iyaye masu koyarwa a gida da ke garinku, yawanci a Facebook ko WhatsApp suke haɗuwa, a birane masu Musulmi da yawa kuma akan samu ta mata Musulmi. Ɗanki yana buƙatar yaran da zai riƙa gani kowane mako, su ɗin dai, har abota ta ƙullu, domin gaisuwar masallaci ranar Juma'a ba ta isa ta gyara abin da tsangwama ta ɓata ba. Islamiyyar yamma da ƙungiyar sikawut da ƙwallo duk suna iya cike wannan gurbin.

Game da Hajiya surukarki, ina roƙon ki kada ki ɗauki maganarta a matsayin suka. A Kano, yaron da aka gani a gida da hantsi ranar Talata, ko ba shi da lafiya, ko an kore shi saboda kuɗin makaranta, ko iyayensa ba su damu ba, kuma ita ta ga yadda rayuwa ta raba waɗanda aka sa boko da waɗanda ba a sa ba. Da wannan idon take kallon jikokinta, son su ne yake magana. Jayayya a waya ba za ta canja mata ra'ayi ba, kuma bayanin ya fi kyau ya fito daga bakin ɗanta, ya shaida mata cewa dokar ƙasar ta yarda da hakan kuma shi ma da hannunsa a ciki. Ke kuma ki ba ta abin da za ta gani, ki kira ta da bidiyo yaron ya biya mata surar da ya haddace, ya nuna mata lissafinsa, ki roƙe ta ta riƙa yi musu tatsuniya ko labarin danginsu sau ɗaya a mako. Idan babbar ta koma makaranta Hajiya ta ce ai dama ta faɗa, ki ce Allah ya ƙara girma, ki bar maganar a nan.

Kalmar gazawa da kika yi amfani da ita ita ce ta fi damuna a wasiƙarki, domin ita ce za ta iya sa ki riƙe yarinya a gida don kare mutuncinki a idon mutane, ko ki mayar da yaro wurin da ya cutu don ki huta da surutu. Kin cire ɗanki daga inda ake cutar da shi a lokacin da ya kamata, idan kuma yanzu kin mayar da 'yarki inda karatunta zai fi tafiya, aikin uwa ɗaya ne kike yi a wuri biyu. Shi ma na tsakiyan ki bar masa ƙofa a buɗe, a watan Mayu ko Yuni ku sake zama ku duba karatunsa da ƙarfin zuciyarsa, ku tambaye shi abin da yake so, in lokacin komawarsa ya yi ku nemi wata makarantar da ba ta farko ba. A wannan makon kuwa, ki fita da babbar ku biyu kawai, ki bar ta ta faɗi abin da ke ranta har ta gama ba ki katse ta ba, washegari ki kira sashen ɗaukar ɗalibai ki tambayi makarantun da suke da gurbi a aji na 9, ki kuma sa ranar duba idon ƙaninta kafin Satumba ya fita.